Kaurar Baba da Raken Inna

Ranar da kuka yi mini walimar ajiye aiki, ɗan'uwanku Abba ya miƙe a gaban mutane ya ba da labarin shekarar da dawa ta lalace a gonar kakanku. Ya ce gwajina ne ya gano cuta a cikin irin da Baba yake rabawa, aka daina shuka shi, gonakin mutane suka tsira. Aka yi ta tafi. Ni kuwa ina zaune cikin sabon leshi jikina ya yi sanyi, har 'yar'uwarku Nafisa ta leƙo fuskata ta ɗauka daɗi ne ya sa ni ƙwalla. Ban ga laifinku ba, haka kuka taso kuka ji ana faɗa a gida da ƙauye. Amma ba haka aka yi ba. Baba ya daɗe da rasuwa, ni ma gwiwoyina sun fara gaya mini gaskiya, gara in rubuta muku tun ina iya riƙe biro.

Baba maɗinki ne, manyan riguna yake yi wa aiki a zauren gidanmu na cikin Ƙofar Kabuga. Amma in kana so ka ga fuskarsa ta saki, to ka ɗauko masa maganar gona. Gonar tana can bayan gari, gado ce daga mahaifinsa, kuma tare da ita ya gaji wata kaura da ban taɓa ganin irinta a kasuwa ba. Zangarniyarta doguwa ce mai nauyi, tuwonta ya kwana ya yini bai saki ba. Duk kaka, kafin a fara girbi, Baba zai bi kunyoyi shi kaɗai yana zaɓar zangarniyar da ta fi cika, ba ya yarda kowa ya taya shi. Ya ɗaure su da kaba ya kawo gida, a rataye a azarar ɗakin girki inda hayaƙi zai hana ƙwari taɓawa. In bazara ta yi, hadari ya fara leƙowa ta gabas, sai ya sauke ya sussuke a zaure, maƙwabtan gonarsa su yi ta zuwa da ƙoƙunansu yana auna musu. Ba ya sayarwa, ko goro ba ya karɓa. Kullum kuma yakan bar dami biyu a sama don gudun shekarar da shuka za ta ƙone. Haka ubansa ya yi, haka shi ma ya yi, har mutanen wurin suka daina ajiye irin kaura gaba ɗaya. Me za su ajiye, ga na Alhaji a rataye a birni?

A ƙarshen gonar, inda ƙasa ta gangara ruwa yake kwanciya, akwai rake. Ba shi da yawa, ɗan tsaki ne kawai. Lokacin da Inna take da cikina, wai babu abin da take so sai raken garinsu, na kasuwa ta ce salam yake. Ƙanenta ya ɗauro mata dami guda ya kawo, Baba ya tsince kawunan ya kai fadamar ya binne. Tun daga nan raken bai yanke ba, duk shekara daga gaɓoɓinsa ake sake dasawa. Bayan Inna ta rasu, Baba bai yi kuka a gaban kowa ba, kuma bai ƙara aure ba duk da surutun dangi. Ƙanwarsa Gwaggo Asabe ce ta dawo gidan tana yi masa girki. Abin da na lura shi ne, in ya gama zagaya dawa sai ya gangara wajen raken nan ya daɗe. In ya dawo gida ya jingine kara biyu a bakin ƙofa ya ce, ga na Innarku. Iyakar abin da yake faɗa a kanta ke nan.

Ni sunan mahaifiyarsa aka sa mini, saboda haka bai taɓa kiran sunana ba, Uwata yake cewa. A shekarar da nake ba ku labari ina gidan Babanku, Abba yana firamare, ina aiki a ɗakin gwaje-gwajen wata cibiya ta binciken amfanin gona. Ba a daɗe da kawo mana injin da muke kira pi-si-ar ba, kuma ni ce aka tura na koyo aikinsa, don haka kaina ya ɗan yi girma, ba zan ɓoye muku ba. Aikin ba wani tsafi ba ne. Cutar bairos ba a ganin ƙwayarta da ido, amma duk ganyen da ta shiga tana barin shaidarta a ciki. Sai ka yanko ɗan ganye ka niƙe shi a ƙaramin turmi, ka tace, ka ɗiga a wasu 'yan kwalabe da ba su kai kan ɗan yatsa ba. Injin ya yi ta ɗumamawa yana hucewa, yana ninka shaidar nan har ta yi yawan da za a iya gani. Daga nan ka zuba a kan wani abu mai kama da kokon da ya kwana ya daskare, ka haska fitila ta musamman. In cutar tana nan, wani ɗan layi zai fito yana ƙyalli. In babu, wurin ya zauna baƙi. Na taɓa yi wa Baba wannan bayanin, ya saurara har ƙarshe allura na hannunsa, sannan ya ce to Allah ya ba da sa'a, shi dai ya gane ana niƙa ganye.

Daminar ta fara lafiya, sai ruwa ya ɗauke a tsakiya na kwanaki masu yawa. Darɓa ta sauka, waɗannan ƙananan ƙwarin da ke maƙalewa a bayan ganye suna tsotsa, ta yi yawan da tsofaffi suka ce ba su taɓa gani ba. Da ruwa ya dawo, dawa ba ta miƙe ba. Ganye ya yi dabbare-dabbare, kore da fatsi-fatsi, daga baya ya ja jajayen layuka ya fara bushewa daga gefe. Wata Asabar Baba ya aiko in zo mu je gona. Muna cikin zagayawa Malam Habu ya tsallako, maƙwabcinsa na gabas, mutumin da tun ubansa suke karɓar iri a zaurenmu. Suka gaisa har suka gaji, sannan ya cire hula ya sosa kai ya mayar.

"Alhaji, wallahi ba zargi ba ne," ya ce. "Amma mun zauna mun duba. Duk gonar da abin nan ya fito, kaurarka ce a ciki. Mutanen tsallaken titi da suka shuka farafara, ka je ka gani, lafiya lau."

Baba ya juyo gare ni.

"Uwata, injin naku yana iya duba iri?"

"Yana iyawa, Baba. Sai dai zai ɗauki lokaci, sai na shuka shi ya tsiro."

"To a duba. In ni na kai wa mutane wannan abin, ina so in sani."

Raina ya ɓaci da Malam Habu, har na so in ce masa shekara nawa yana cin kaurar nan bai taɓa zuwa ya ce ta yi yawa ba. Na haɗiye. Na yanki ganye daga gonarmu da ta maƙwabta, na sa a cikin kula mai ƙanƙara. Na yanki ciyayin gefen gona, domin haka ƙa'idar aikin take, duk abin da ke kusa sai ka duba. Da na gangara fadama na yanki ganyen rake uku, ba don ina zargin komai ba. Baba yana tsaye a sama yana kallona, har ya ce in karyo kara ɗaya in kai wa Abba. A gida kuma Gwaggo ta hau turmi ta tsinko mini zangarniya ɗaya daga damin ajiya.

Tsabar na shuka ta a ɗakin raga inda ƙwaro ba ya shiga. Ta tsiro kore shar, na bar ta ta yi ganye, na gwada ɗaya bayan ɗaya. Ranar da na haska fitila na ga layin ya fito a ganyen dawar gona, wannan na sa rai. A wajen tsiron irin Baba babu komai, baƙi ƙirin, na yi hamdala a fili har abokiyar aikina ta waiwayo. Sai idona ya kai ƙarshen jeri, inda na sa ganyen rake. Layuka uku ne, sun fi na kowa haske. Nan take na gane komai. Cutar a jikin raken take zaune, ban san tun yaushe ba, rake yana iya ɗaukarta shekaru yana ta girma abinsa, kuma duk dashen da aka yi daga gaɓarsa da ita yake tashi. Darɓar shekarar ce ta kwasa ta kai wa dawa. Gonakin da suka kamu ba don sun shuka kaurar Baba suka kamu ba, don suna kewaye da fadamarsa ne, kuma masu kewaye da shi su ne masu karɓar irinsa. Maganin ɗaya ne, a tumɓuke raken har saiwa a ƙone, kada a bar ko gaɓa.

To a nan ne na yi abin da na yi. Ku da kuka san ni da baki, wadda ba ta iya barin magana ta kwana, ku ji: na ninke takardar na sa a jaka na yi shiru. Na ce wa kaina bari in sake gwadawa, ko an samu kuskure. Na sake, ya fito. Na sake na uku, alhali na san babu wani kuskure. Duk Juma'a ina zuwa gida da yamma in gaishe shi, takardar tana cikin jakata, in shiga zaure da niyyar faɗa. Sai in tarar da rake a jingine a bakin ƙofa, bakina ya mutu. Na san in na ce masa irinsa lafiya lau, tambayar da za ta biyo baya ita ce, to daga ina? Kuma ban iya yi wa Baba rabin magana ba.

"Uwata, sakamako fa?"

"Da saura, Baba."

"To, Allah ya kai mu."

Aka yi girbi, abin da aka samu bai taka kara ya karya ba. Shekarar Baba bai bi kunyoyi ya zaɓi zangarniya ba, ya ce sai an ji daga gare ni. Ban damu ba, na ce ai dami biyu na ajiya suna sama. Lissafin da na yi shi ne babu abin da zai faru kafin ruwa ya sauka, ina da sauran lokaci, in bar shi ya sha rakensa na bana cikin kwanciyar hankali. Ban lura ya daina tambayata ba. Ban lura in na shigo ina kallon tabarma, shi ni yake kallo ba. Gwaggo ce ma ta taɓa tare ni a soro ta ce, ke wai me kika ci wa Yaya ne kike sunne kai kamar marar gaskiya? Na ce gajiyar aiki ce.

Har bazara ta yi. Wata Juma'a na ga hadari ya haɗu a gabas ya watse, na ce yau kam ko me zai faru sai na faɗa, lokacin rabon iri ya zo. Na isa gida bayan la'asar, Baba bai dawo daga gaisuwar wani maras lafiya ba. Gwaggo ta ajiye mini tuwo da miyar kuka, ta ce in ci da zafinsa. Na ci, na ƙara, har na ce mata rabon da in ci tuwo mai daɗin wannan na manta. Ta yi wani murmushi da ban gane ba. Na ɗauki kwanon na kai ɗakin girki, na ɗaga kai kamar yadda na saba tun ina yarinya. Azarar babu komai, sai guntun kaba yana reto.

"Gwaggo, ina irin?"

"Shi kika ci yanzu. Ranar Talata ya sauke da kansa ya sussuke, ya aika inji aka niƙe tas. Ya ce a tuƙa a ci, a miƙa wa maƙwabta, kada tsaba ɗaya ta sake shiga ƙasar wani."

Na zauna a kan turmi ina jiransa. Da na ji sallamarsa na fita zaure, ban ko gaishe shi yadda ya kamata ba, na durƙusa na fito da takardar, ta yi laushi saboda ninki. Ya riga ni magana, a hankali, kamar mai lallashin yaro.

"Tashi, Uwata, ba sai kin faɗa ba. Wata biyar ina kallonki. Na ce yarinyar nan ta ga abin a cikin irin, nauyina ya hana ta buɗe baki. Ina dalili in bar ki kina ramewa a kan dawa? Shi ya sa na hutar da ke."

"Baba, irin lafiyarsa ƙalau. Babu komai a cikinsa. Tun kafin girbi na sani."

Ya dube ni, ya dubi takardar da ba ya iya karantawa. Na gaya masa sauran, darɓa da fadama da layuka uku. Na jira ya yi faɗa, wallahi da ya yi da na fi samun sauƙi. Ya ɗauki rigar da yake wa aiki ya shimfiɗa a cinya, ya nemi bakin zaren ya kasa samu, ya ajiye.

"Raken Innarki," ya ce.

"Shi ne, Baba."

"Shi kika tsaya karewa."

"Kai na tsaya karewa."

Ana ta wucewa a lungu, mai ruwa yana buga jarka, ni ina durƙushe. Can ya ce in je in wanke fuskata kada Gwaggo ta gani, gobe da safe in zo mu je gona.

Bari in tsallaka in gaya muku cewa na nemi kaurar nan. Makonni na yi ina bin gidajen ƙauyen ina tambaya ko akwai ragowa a gindin rumbu. Girbin ya yi ƙaranci, an cinye tun kafin zafi, wanda ya rage kuma an gauraya shi da ta kasuwa. Na samo 'yar tsaba a wurin wata tsohuwa na shuka a filin cibiyarmu, abin da ya fito dawa ce dai, amma ba ita ba ce. Na kai wa Baba zangarniyar, ya juya ta a hannu ya miƙo mini, ya ce Allah ya yi albarka. Bai sake rataya komai a azarar nan ba har ya bar duniya, kuma da bazara zaurenmu shiru yake.

Ranar Asabar ɗin muka isa gona da hantsi. Na ce a nemo masu aiki, ya ce a'a. Ya tuɓe babbar riga ya rataye a reshe, ya ɗauki adda. Mutumin da ya haura saba'in, yana sara yana tsayawa yana maida numfashi, ni ina bin bayansa da fartanya ina tono saiwa ina tarawa. Da ya rage kara ɗaya ya tsaya ya dafa shi.

"Abin nan yana yi wa mutum illa?"

"Ba ya yi wa mutum komai, Baba. Shuka kawai yake kamawa."

Ya sare shi, ya zauna a kan kunya ya fere da wuƙarsa, ya raba biyu ya miƙo mini wajen gindi, inda ya fi zaƙi. Muka zauna muna sha, ruwan yana bin hannuna har gwiwar hannu, ina kuka ina tsotsa. Ya ce Inna ma haka take sha, duk ta ɓata zani. Sannan ya ce maganar wata biyar ɗin nan ta tsaya tsakanina da shi, ko Gwaggo kada ta ji. Na ce Baba, mutane za su ci gaba da cewa irinka ne ya kashe musu dawa. Ya ce su faɗa, shi ya gama cin kasuwarsa, ni ce nake da sauran aiki a gaba, kuma ba ya so a ce 'yarsa ta riƙe gaskiya a jaka.

Muka cinna wa tarin wuta. Hayaƙin ne ya jawo Malam Habu, ya tsaya daga kan iyaka yana kallo. Baba ya ce masa raken ma ya kamu, an kawar da shi.

"Allah sarki, har raken Hajiya ya shafa," in ji Malam Habu. "Ashe dai irin nan ya yi ɓarna. Allah ya saka wa Malama da ta gano shi."

Na buɗe baki. Baba ya ɗora hannunsa a kan nawa ya danne, hannun duk danƙon rake.

"Amin," ya ce. "Ta yi ƙoƙari."

Damina ta gaba dawar kowa ta yi kyau da irin kasuwa, mutane suka ƙara tabbatar da abin da suka riga suka yarda da shi. Shekara goma sha ɗaya Baba ya ƙara a duniya, yana ji ana faɗa a gabansa cewa kaurar ubansa ce ta kawo cuta, bai taɓa gyara wa kowa ba. Ni ma ban gyara ba. Irin kakanku lafiyayye ne, ni na gwada shi da hannuna sau uku, kuma ni na cinye shi da miyar kuka har na nemi ƙari.